Ki Ce Musu Iska Ce

Da sunan Allah nake buɗe wannan shafi, ina kuma gaida duk wadda ta ajiye aikin gabanta ta tsaya karanta ni. Sunana Mastura. A Agege aka haife ni, a nan aka haifi Mama, kakanmu ne ya zo daga Kano da fataucin goro ya zauna bai koma ba. Zanen lalle ne sana'ata. In kin taɓa zuwa biki tsakanin Agege da Mile 12 kika ga amarya da zanen fulawa tun daga yatsu har gwiwar hannu, ba mamaki aikina ne.

Kuma ina da farfaɗiya. Na rubuta kalmar a fili ne saboda a gidanmu ba a faɗinta. Mama "abin nan" take cewa. Marigayi Baba "larurarta" yake cewa, yana kallon gefe. Maƙwabciyarmu Iya Basira, Bayarbiya mai sayar da burodi, in za ta kira shi da yarensu ta ce "warapa" sai ta rage murya ta tofar da yawu. A sakandare kuwa, inda abin ya fara mini, 'yan ajinmu ajiye sunana suka yi gaba ɗaya, na koma Mai-faɗuwa har na gama. Likitar da ke duba ni ce kaɗai take kiran ciwon da sunansa ba tare da fuskarta ta canza ba. Ita ta ɗora ni a kan magani safe da yamma, na yi shekaru ban faɗi ba, har unguwa ta manta.

Harisu ya sani. Ina so ku riƙe wannan, don kada wata ta ce ɓoye masa na yi. Akawu ne a wani sito a Ilupeju, dogo, mai sanyin magana, kullum rigarsa a goge ko da daga cikin cunkoson motar haya ta danfo ya fito. Tun farkon zuwansa zance na faɗa masa, muna zaune a bencin ƙofar gidanmu. Ya tambaye ni ko ciwon yana yi mini zafi, ya tambayi abin da ya kamata mutum ya yi in yana kusa. Washegari da safe saƙonsa ya shigo: "Kin sha?" Daga ranar bai fasa ba. Wani lokaci ko sallama babu, sai dai "Kin sha?" da hoton zuciya. Ni kuwa, Allah ya sani, wannan 'yar tambayar ta fi mini duk wani kirarin da samari ke yi wa 'yan mata.

Abu ɗaya ya roƙe ni, in bar masa maganar gidansu, shi zai faɗa a hankali. Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, ƙanwar babansa Hajiya Zuliha ce ta raine shi. Babansa dillalin tumatir ne a Mile 12, amma kowa ya san a gidan in Gwaggo Zuliha ta ce a'a, magana ta ƙare. Aka kawo gaisuwa, aka fara zancen sa rana, duk sanda na tambaye shi sai ya ce yana jiran lokacin da ya dace.

Sai bikin ƙawata Fauziyya ya zo.

Ni na yi wa amarya lalle, na yi wa ƙawaye, na yi wa dangin ango da suka zo daga Sagamu. Layi bai ƙare ba har aka kira asuba, ban runtsa ba, maganina kuma na baro shi a gida cikin wata jakar. Na ce a raina sau ɗaya ai ba komai. Da la'asar aka kafa rumfa a kan titi, muka fito cikin ankon leshi ruwan hoda, an naɗa mini ɗankwali irin na Yarbawa har yana taɓa rufin keke mai ƙafa uku. Muna tsaye bayan amarya ana kiɗa sai na ji warin nan da na sani, kamar ana ƙona roba, cikina ya taso zuwa ƙirji. Na juya zan ce wa Fauziyya ta riƙe ni. Iyakar abin da na sani ke nan.

Da na farfaɗo ina kwance a kwalta, jikina a jiƙe sharkaf, an sheƙa mini ruwa. Hancina yana warin albasa, bakina yana jini, wata ta tura mini cokali har haƙorina na gaba ya ɓantare. Mutane sun yi da'ira, amma daga nesa. Na ji wata mata tana fizgar 'yarta tana cewa ta matsa kada kumfar ta taɓa ta. Fauziyya ce kawai a durƙushe, amarya guda da kwalliyarta, ta juya ni gefe ta sa kaina a cinyarta tana kiran sunana. A bayanta na hango wayoyi a ɗage.

Kafin a kai ni gida bidiyon ya riga ni isa. Ƙanwata Juwairiyya ta yi ta ɓoye wayarta, amma na gani. An rubuta a ƙasa: "Ashe mai lallen nan mai farfaɗiya ce. Masu miƙa mata hannu ku yi hattara." Ko sunana ba a sa ba.

Amaren da suka kama ni tun watan jiya suka fara turo uzuri. Wannan ta ce an ɗaga biki, waccan ta ce 'yar uwarta ta koyi lalle. Ɗaya ta fi su gaskiya, ta turo saƙon murya tana tambaya, don Allah kada in ji haushi, tunda na riƙe hannunta kwanan baya, ko akwai abin da ya kamata ta sha. Na saurara na sake saurara, na ajiye wayar. Iya Basira kuma ta koma ajiye mini burodi a kan tebur maimakon ta miƙo mini.

Harisu bai turo "Kin sha?" ba a safiyar farko, bai turo ba a ta biyu. Sai ga shi da kansa wata yamma, ko gida bai biya ba, katin wurin aiki na rataye a wuyansa. Na fito da hijabi ina rufe bakina saboda haƙorin. Ya daɗe yana kallona, ya ce in sauke hannuna, shi bai ga abin ɓoyewa ba. Na ji sanyi a raina. Da na san abin da ke tafe da ban yi saurin jin daɗi ba.

Ya ce Gwaggo ta ga bidiyon. Ta kira shi ɗaki, ta ce a je a karɓo kayan gaisuwa, zuri'arsu ba a taɓa haɗa ta da masu farfaɗiya ba, abu ne da ake gado kuma ake ɗauka. Shi kuma da ya ga komai zai rushe sai ya ce mata ba farfaɗiya ba ce, iska ce. Ya ce mata aljanu ne suka shafe ni a wurin kiɗa, wataƙila ma hassadar abokan sana'a ce. Nan take, in ji shi, jikinta ya yi sanyi, har ta ce Allah sarki yarinya. Ta ce iska ai ana fitar da ita, tana da malamin da zai yi mini ruƙiyya, ita da kanta za ta zo ta gan ni ranar Asabar.

"Abu ɗaya nake so ki yi mini, Mastura," ya ce. "In ta tambaye ki, ki ce musu iska ce."

"Maganina fa?"

"Ki ci gaba da sha. Kada dai ta gani. Malaminta ba ya son a haɗa da ƙwayar asibiti."

"Har yaushe?"

"Har a ɗaura."

"In an ɗaura na faɗi a gidanka fa?"

Ya sunkuyar da kai yana juya katin wuyansa. "Sai mu ce iskar ce ta dawo."

Ku fahimce ni, ni ba na gudun ayar Allah. Ba na kwanciya ban yi azkar ba, Mama ta yi ta tofa mini tun ina yarinya, kuma ina jin daɗinsa. Abin da ya tsaya mini shi ne, jikin nan dai shi ne, faɗuwar ita ce, kumfar ita ce. An kira ta da wani suna an ce a kore ni, an kira ta da wani an ce Allah sarki. Na tambaye shi a cikin duk watannin nan me ya hana shi faɗa mata gaskiya. Ya ce ba zan gane Gwaggo ba. Ya ce kalma ce kawai, mene ne a cikin kalma in dai za mu samu juna. Da zai tafi ya bar mini leda da tuffa da madara a kan benci, har ya hau okada yana waiwayena.

Na ɗauka Mama za ta goyi bayana. Ashe ya riga ya kira ta.

Mamata ba muguwa ba ce. Lokacin da dangin Baba suka ce a ware mini kofi da kwano, ita ta ɗauki kofina ta sha ruwa a gabansu. Ita take bin layin asibiti da ni tun duhun safiya. Amma ranar ta zaunar da ni a bakin gado ta riƙe hannuwana, ta ce in dubi Allah in dube ta. Ta ce in wannan auren ya lalace a kan sunan nan, sunan zai manne wa gidan gaba ɗaya, za a koma cewa gidan masu abin nan. Juwairiyya tana tasowa, wa zai zo neman ta? Ta ce ita ba ta ce in daina magani ba, ba ta ce in yi rantsuwa ba, in dai sunkuyar da kai in bar manya su yi magana. Tana faɗa tana kuka, ni ma ina yi. Da na fito wanka na tarar ta juye ƙwayoyina cikin wani tsohon gwangwanin man shafawa, kwalin kuma ta yayyaga ta kai bola da kanta.

Sai da muka kwanta Juwairiyya ta yi mini magana. Ta ce, "Yaya, kada ki yi don ni." Daga nan ta juya wa bango fuska. Ban sani ba ko har zuciyarta ta faɗa.

Ana jibi Asabar na je asibiti a duba haƙorin, na biya wurin likitata. Na ba ta labarin rashin barcin da mantuwar maganin, ta yi mini faɗa sosai. Na tambaye ta, kamar wasa, in mutum ya ajiye maganin na ɗan lokaci fa. Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce tsayar da shi farat ɗaya yana iya kawo faɗuwar da ta fi ta baya muni, kada in kuskura ko wa ya ce. Ta ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba a ɗaukarsa ta yawu ko ta taɓawa, mata da yawa masu shi sun yi aure sun haihu, sai dai in na tashi ɗaukar ciki in fara zuwa mu duba maganin tare. Ta ce in akwai wanda ke bukatar jin wannan daga bakinta in kawo shi. Na yi murmushi kawai. Ina zan iya ɗauko Hajiya Zuliha in kawo ta nan?

A cikin danfo ina komawa saƙon Harisu ya shigo. "Kin shirya wa Asabar?" Na rubuta amsa na goge, na sake rubutawa na goge. Ya ƙara turowa: "Don Allah, Mastura. Ni da ke mun san gaskiya, ai ya isa." Na tura masa "To". Har yau ban san me nake nufi da wannan "to" ɗin ba.

Ranar Asabar tun safe Mama ta hana kowa zama. Aka canza labulen falo, aka shimfiɗa sabuwar ledar tebur, aka ari fankar maƙwabta saboda tamu tana ƙara. Ta yi farfesun kayan ciki da cincin, ta sa zoɓo a firijin Iya Basira. Ni ta zaɓar mini atamfa kore mai ganye, ɗinkin riga da siket, da farin mayafi. Ta sa mini kwalli da hannunta, ta ce in yi ƙoƙari kada in buɗe baki sosai.

Bayan azahar mota ta tsaya a ƙofar gidanmu. Hajiya Zuliha ta shigo ita kaɗai, doguwa kamar Harisu, cikin leshi ruwan toka da carbi a hannu, ƙamshin turarenta ya cika falon. Na durƙusa na gaishe ta. Ga mamakina sai ta kamo ni ta zaunar kusa da ita a kan kujera, ta dafa kaina ta yi addu'a mai tsawo. Da ta zo da faɗa da abin ya fi mini sauƙi.

Ta buɗe jaka ta fito da zuma da man habbatussauda da turaren hayaƙi. Ta ce kada in damu, 'yar ƙawarta ma an yi fama da iska, yanzu 'ya'yanta huɗu. Ta ce Litinin za a fara, zan koma gidanta da zama har malam ya gama, ita za ta kula da cina da shana, kuma ba ta son ganin ƙwayar Bature ko ɗaya a kusa da ni. Na kalli Mama. Mama ta kalli ledar tebur. Wannan ba ya cikin abin da Harisu ya faɗa mini.

Ta karɓi zoɓon da na zuba mata ta kurɓa, ta yaba. Sai hira ta ja ta. Ta ce wa Mama wallahi da ta ga bidiyon nan ba ta ci abinci ba, ta ɗauka waccan cutar ce, Allah ya raba mu da ita. Ta ce lokacin suna yara a Idi-Araba akwai wata mai farfaɗiya a gidan hayarsu, a ɗakin baya kusa da makewayi aka ajiye ta, kwanonta daban, butarta daban. In ta faɗi kowa gudu yake, sai ta gama ta tashi da kanta. Ta-ƙasa suke ce mata. Wata rana ta faɗi kusa da murhu, ba wanda ya iya taɓa ta, ƙunar ce ta zama ajalinta.

"Irin waɗannan ai ba mutanen aure ba ne," ta ce. "Sai dai a tausaya musu."

Ni dai na san Mama ta ce in yi shiru. Na ji bakina yana cewa, "Gwaggo, ya sunanta?"

"Wa?"

"Matar. Sunanta na yanka."

Ta ɗaga kai tana tunani, carbin ya tsaya a hannunta. Ta ce ko Hansatu ne, ko Habi, ta yi 'yar dariya ta ce wa zai tuna, ai kowa Ta-ƙasa ya sani.

Na ga murhun nan a idona, na ga mutane tsaye daga nesa kamar yadda suka tsaya mini a kan titi. Na tuna Litinin, da gidan da ba zan iya shan maganina ba. Mama ta gane, ta yi sauri ta ce in tashi in ɗauko farfesu. Ban tashi ba.

"Gwaggo, ki gafarce ni," na ce. "Ni ba iska ke damuna ba. Farfaɗiya gare ni, tun ina sakandare. Ina shan magani, shi ya sa na yi shekaru ban faɗi ba. Ba a ɗauka. Ina son addu'arki, amma ba zan iya barin maganin ba."

Mama ta sa mayafi ta rufe fuskarta. Hajiya Zuliha ta dubi kofin da ke hannunta, ta ajiye shi a hankali, ta zaro hankici ta goge bakinta. Ba ta matsa daga kusa da ni ba, amma ta tattare gefen leshinta zuwa cinyarta.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambayi Mama ko gaskiya ne, Mama ta gyaɗa kai ba ta buɗe fuska ba. Sai ta juyo gare ni.

"Harisu ya sani?"

"Ya sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a kawo gaisuwa. Tun farko na faɗa masa."

Ta daɗe tana kallona. A idonta na ga ba ciwon ne kaɗai ya taɓa ta ba, yaron da ta goya ne ya dube ta ya shirya mata magana. Ko kuwa ni take zargi da yi masa ƙage, ban iya rabewa ba. Ta zaro waya daga jaka, ta danna, ta buɗe sifika, ta ɗora a kan tebur tsakanin zumar da kofin zoɓo.

Bugu ɗaya ya ɗauka, kamar dama wayar na hannunsa. Muryarsa da fara'a ya ce Gwaggo an isa lafiya, ya ya ta same mu.

"Ina falonsu, ga uwarta, ga ta, duk suna jin ka," ta ce. "Yarinyar nan ta ce farfaɗiya gare ta, ta ce kuma ka sani tun farko. Ni kuma iska ka ce mini. Ɗayanku ya yi mini ƙarya. Ka sani, ko ba ka sani ba?"

Na ƙura wa wayar ido. Ina jin hon ɗin motoci a bayansa, ina jin kwandasta yana kiran Oshodi, ina jin numfashinsa. Kalma biyu kawai nake jira. Na san muryar da zai faɗe su da ita, na sha jin ta a kan bencinmu. Mama ta sauke mayafinta ita ma tana kallon tebur. Juwairiyya na tsaye a bakin labule da kwanon farfesu a hannu.

Ya yi gyaran murya.

"Gwaggo," ya ce, "don Allah ki cire ni daga sifika."